Kada Ka Ɗora Wa Mamaci Abin Da Bai Rubuta Ba

 Ɗana, na ji yadda zuciyarka ta kamu da kiɗan lut, garayar nan ta Turawa wadda asalinta ud ɗin Larabawa ne, har ma ka fara sa baki idan ana gardama kan yadda mutanen dā suke kaɗa ta. Ban ga laifin haka ba, domin neman sani ba ya cutar da kowa. Amma ka ɗan ba ni kunnenka a kan batun amana, saboda waɗanda suka tsara wannan kiɗa sun daɗe da kwantawa, ba wanda ya ɗauki sautinsu a faifai, ba su da bakin kare kansu, abin da ya rage nasu kawai takardu ne da ƴan kayan kiɗa a gidajen tarihi.

Ka ɗauki Silvius Leopold Weiss, gwanin gwanayen wannan fage. An haife shi a 1687, ya yi hidima a fadar Dresden ta ƙasar Jamus tun daga 1718 har ya rasu a 1750. Ya kai matsayin da babu makaɗi a fadar da ya fi shi albashi, amma a tsawon rayuwarsa kiɗansa ɗaya tak aka buga a ɗab'i. Sauran ɗaruruwan sun iso mana ne da rubutun hannu, mafi yawansu cikin manyan kundaye biyu, ɗaya a Landan ɗaya a Dresden, wani shafin hannunsa ne, wani na masu kwafa. Mu da muka tashi muna ganin littattafan malamai da almajirai suka kwafa a zaure, mun san yadda ido kan tsallake layi idan gajiya ta zo, ba da mugun nufi ba. Ga shi kuma mahaifinsa makaɗin lut ne, ƙaninsa haka, ɗansa ma haka, saboda haka idan ka ga takarda an rubuta Weiss kawai a kanta, kada ka yi saurin rantsuwa cewa ka san wanne ake nufi.

Shi kansa rubutun yana neman haƙuri. Layi shida ake ja, kowane layi na wakiltar tsarkiya, sai a sa haruffa a kai: a na nufin ka kaɗa tsarkiyar a sake, b ka danne ta a gaɓa ta farko, c a ta biyu, haka har sama, alamun tsawon bugu kuma suna can bisa layukan. Wato takardar tana gaya maka inda za ka ɗora yatsa, amma ba ta gaya maka tsawon lokacin da kowace murya za ta ci gaba da amo ba, balle inda za ka sassauta ko ka ja numfashi. Mutanen wancan zamani ba su ga bukatar rubuta wannan ba, domin a gaban malami suke koyonsa, kunne ya ji, hannu ya bi. Silsilar malaman nan ta yanke tun da aka jingine lut a ƙarshen ƙarni na 18, saboda haka duk wanda ya ce maka ya san daidai yadda Weiss yake kaɗawa, ya faɗi fiye da abin da ke hannunsa. A kundin Landan akwai kaɗe-kaɗen da aka tsara wa lut da sarewa, amma takardar mai sarewar ta ɓace. Makaɗan yau sukan cike giɓin da nasu tunani, kuma wannan aiki ne mai kyau, muddin mutum ya fito fili ya ce nan hannuna ne, nan kuwa na mai shi.

Haka batun tsarkiya. Da hanjin tumaki ake murɗa ta, kuma babbar lut ta zamanin Weiss mai jeri 13 tana ɗauke da guda 24. Masu bincike sun auna ramukan jakin tsofaffin kayan kiɗan, suka ga sun yi ƙanƙanta ga kaurin hanjin da ake bukata don murya mai zurfi. Wasu suka ce lalle ana ƙara wa hanjin nauyi da garin ƙarfe, wasu suka ce a'a, tsarkiyar ce ba a ja ta da ƙarfi sosai. Har yau ba a rufe wannan magana ba, kuma a kowane ɓangare akwai dattawan da suka ƙarar da shekarunsu a kanta. Idan ka shiga tsakaninsu, ka shiga da tambaya.

Gardama kam ba yau aka fara ta ba. A 1713 Johann Mattheson na Hamburg ya soki lut a littafinsa, yana kukan yawan lokacin da saita tsarkiyoyinta ke ci. Abin ya yi wa Ernst Gottlieb Baron zafi, ya mayar da martani mai kaifi a littafin da ya fitar a 1727. Weiss kuwa tun a 1723 ya rubuta wa Mattheson wasiƙa cikin ladabi, ya kare kayan kiɗansa, ya kuma yarda cewa akwai wurin da muryarsa ba ta isa ba, kamar babban ɗakin da makaɗa suka cika. Shi ne ya fi su duka sanin abin, shi ne kuma ya fi su sanyin baki, kuma ni a ganina sanin ne ya haifi sanyin. Littafin Baron ana karanta shi har gobe, amma saboda labarin makaɗa da masassaƙan da ya adana mana. Zafin ransa bai ƙari kowa da komai ba.

Kada kuma ka raina waɗanda suka farfaɗo da wannan kiɗa a ƙarni na 20. Gaskiya ne da yawansu sun sassaƙa lut mai nauyi irin na jita, suna kaɗawa da farce, sai daga baya da aka duba zane-zanen dā da tsofaffin kayan da kyau aka gyara. Sun yi iya ƙoƙarinsu da ɗan abin da suka samu. Irin su Diana Poulton, wadda tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu lut a Ingila a 1956, sai sun yi takakkiya zuwa ɗakin karatu kafin su ga shafin da kai yau hotonsa ke zuwa maka har cikin waya. Gyaran da kake tinƙaho da shi a kan wahalarsu aka gina shi, kuma na bayanka ma za su sami abin gyarawa a naka.

Saboda haka, ɗana, ka zaɓi kiɗa guda ɗaya na Weiss, ka nemi hoton ainihin shafin, ka bi shi harafi bayan harafi ba tare da gaggawa ba. Inda ka ga kamar mai kwafa ya yi tuntuɓe, ka rubuta gyaranka da fensir a gefe, ka bar nasa yadda yake, sannan ka kai wa wanda ya girme ka a wannan ilimi ya duba maka. Idan ka yi haka, ka aiko mini in ji abin da ya ce. Ka gaida mutanen gida.