In Ya Daina Fitowa Fada, Ku Bi Shi Gida

Aikina kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ne, amma yawancin waɗanda ake turo mini a nan Filinge da kukan jiki suke zuwa. Wannan ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, wancan ya ce tsakar kansa na zafi, wani kuma abu ne ke yi masa yawo daga ƙafa zuwa wuya. An gwada jini ba a ga zazzaɓin cizon sauro ba, an sha maganin ciwon kai har an gaji. Sai in ajiye biro in tambaya: wa kike gaya wa abin da ke ranki? A nan akan yi shiru.

Akwai wata baiwar Allah daga wani ƙauye na Dallol Boso. Mijinta ya tafi bida Libiya, daga baya waya ta daina shiga. Ga ta a gidan surukai, ba ita ga zaman aure ba, ba ita ga takaba ba, kunya kuma ta hana ta ko ambatonsa a gaban uwar miji. Zamanmu na farko bakin hijabinta kawai take murzawa. Da ta saki jiki, sai na nemi izininta na kira tsohuwar. Na ce, "Inna, ke yaya barcinki?" Ta dube ni ta ce, "Likita, ai ɗana ne." Ashe mata biyu ne a gida ɗaya, kowace na ɓoye wa ƴar'uwarta hawaye. Ƙwayar da na rubuta ba ta taka kara ta karya ba. Barci ya dawo wa yarinyar ne bayan sun fara zancensa tare da dare.

Abin da muke kira jinya ta hanyar zantawa ke nan: a tsayar da lokaci, a riƙe sirri, a saurari mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, har ya iya faɗin abin da ya kasa faɗa a gida, sannan a nemi wanda zai ci gaba da faɗa wa bayan ya bar wurinmu. Binciken masana ya daɗe da nuna cewa amanar da ke tsakanin mai jinya da mai sauraronsa na cikin manyan abubuwan da ke kawo sauƙi, ko wace dabara aka bi. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara zaunar da majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe ma tsofaffin mata aka horar, suna zama kan benci suna sauraron masu damuwa.

Ƙasarmu ta Kurfai kuwa tana da nata tarihin. A 1925, lokacin da haraji da aikin tilas suka gallabi talakawa, wata mata mai suna Shibo a Shikal ta fara hawan wasu sababbin iskoki masu kwaikwayon sojojin nasara, matasa suka yi ta bin ta. Wani kumandan nasara mai suna Krosikiya ya sa aka kwashe su aka kulle a Yamai, aka yi musu dukan tsiya. Abin bai mutu ba. Shi kansa kumandan sai ya koma ɗaya daga cikin iskokin, suna ce masa Kumandan Mugu, ƴan ci-rani kuma suka kai al'adar har Akra, inda wani mai shirya fina-finai, Jan Rush, ya ɗauke ta a fim. Ba bori nake wankewa ba, ni Musulmi ne. Abin da nake gani a labarin shi ne mutane a cikin ƙunci sun nemi juna, mai iko kuma ya amsa da bulala da ɗan makulli. Har gobe akwai gidajen da ke amsawa haka: a sa wa mara lafiya mari, a turara masa barkono, a rufe shi a ɗaki.

Ban taɓa ce wa kowa ya bar addu'a ko ya daina zuwa wurin malaminsa ba. Liman mai hankali abokin aikina ne, sau da yawa ma shi ake fara gaya wa. Inda muke saɓawa da wasu shi ne in sun ce wa mai baƙin ciki ba shi da tawakkali. Annabi Yakubu ya yi kukan ɗansa har idanunsa suka yi fari, wa zai ce imaninsa ya raunana? Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauka haka kawai, ya ce na biyun yana buƙatar magani.

Yanzu ga rashin tsaro ya ƙaru a kanmu. Tun 2012 ƴan gudun hijirar Mali ke zaune a Abala. A watan Maris na 2021 an kashe mutum 58 a yankin Banibangu, da dama daga cikinsu a hanyar dawowa daga kasuwa. Waɗanda suka ga irin wannan suna cikinmu. Saurayin da ke zabura in babur ya wuce, ya daina fitowa fada shan shayi, ya koma haɗiyar tramol, kada ku ce iskanci ne ku watsar da shi. Ku je ku zauna, ko da ba zai ce uffan ba, gobe ma ku koma.

Amma in ya fara zancen mutuwa, ko ya yi kwanaki bai ci ba bai yi barci ba, ko yana jin muryoyi, ko maijego ce ta ƙi kallon jaririnta, to zama kaɗai bai isa ba. A kai shi likita mafi kusa a ranar. In abin ya fi ƙarfinmu, za mu tura shi sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Yamai, tafiyar kusan kilomita 180. Wanda zai raka shi ya zama mutumin da ya yarda da shi, kuma ya zo da shirin kwana.