Ruwa a Kwanon Matatar Iska: Jan Hankali ga Masu Tarakta

Manoman Anka, Gummi da Bukkuyum sun san ƙura, musamman ta hunturu da ta kaftun farko kafin ƙasa ta jiƙa sosai, don haka ba a rasa direban da zai tuna da matatar iskar tarakta da rani. Da zarar damina ta kankama sai a manta da ita, a ce ai ƙura ta kwanta. Wannan kuskure ne mai tsada, domin a tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson 135, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1964 zuwa 1975, da takwarorinta Fiat da Steyr da aka taɓa harhaɗawa a Kano da Bauchi, ruwan da ke shiga matatar nan yana iya kashe inji da gaggawa fiye da ƙura.

Sai mu duba yadda abin yake aiki. Da yawa daga cikin waɗannan taraktoci ba matatar takarda ke gare su ba, ta mai ce. Iska tana shiga ta ƙarƙashin hular da ke saman bututu, ta gangara ta daki man inji da ke cikin wani kwano a ƙasa, ta juyo sama ta ratsa ragar waya mai danshin mai, ƙurar ta manne, sannan iskar ta wuce cikin inji. Injin Perkins mai silinda 3 da ke cikin 135 yana zuƙar iska fiye da lita 2,000 a minti guda idan yana aiki sosai, kuma duk ta wannan kwano take bi. To, ruwa ya fi mai nauyi. Idan ya samu kafar shiga, ƙasan kwano yake kwanciya ya ɗaga man sama ya wuce alamar da aka zana masa. Daga nan inji ya fara zuƙar mai tare da iska, hayaƙi ya yi yawa, wani lokaci ma injin dizal ya riƙa cin wannan man yana gudu da kansa ko an tsayar masa da gas. Idan kuwa ruwan ne da kansa ya kai silinda da yawa, fistin ba ya iya matse shi kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe. Ko ba a kai ga haka ba, ruwan da ya kwana watanni a gindin kwano yana haifar da tsatsa, tsatsa ta huda ƙarfe, mai ya tsiyaye a hankali ba wanda ya lura, ragar ta bushe, ranar da ƙura ta dawo ta tarar da ƙofa a buɗe.

Gano inda ruwan ke shiga ba ya buƙatar wata na'ura. A kwance kwanon da safe kafin a tayar da inji. Idan man ya yi fari-fari kamar an zuba masa nono, ko an ga ruwa kwance a ƙasa, to akwai kafa. A fara daga sama: hular bututu, wadda sau da yawa ta lotsa ko ta ɓata an maye gurbinta da gwangwani, da kofin roba mai tara ƙura wanda rana ke tsagawa. Sai a duba mahaɗar bututu da jikin matatar, inda jijjiga ke fasa tsohuwar walda, da zoben robar bakin kwano, da tiyon da ya tafi inji tare da maɗauransa. Shi kwanon kansa a wanke shi da kananzir, a shanya, a shafa alli a bayansa, a zuba kananzir a ciki a ajiye; duk inda allin ya jiƙe nan hudar take. Ƙaramar huda mai walda zai toshe ta da tagulla, amma sai an wanke maiƙon tsaf kafin a kusanto da wuta. Liƙi da sabulu ko cingam ko ɗaurin leda ba gyara ba ne. Zobe da tiyon da suka tsufa a sake su, a zuba sabon man inji daidai alama, ba baƙin man da aka juye ba.

Wani zai ce wannan tarakta ta shekara 40 tana aiki ba a yi mata wannan lelen ba. Gaskiya ne ta jure, amma ƙarfen kwanon da ya sha damina 40 ya yi siriri, kuma robar da ta zo da shi ta daɗe da bushewa. Wani kuma zai ce a cire ta man gaba ɗaya a sa ta takarda. Ana iya yi, sai dai takarda ta fi tsoron ruwa, in ta jiƙe ta toshe ko ta yage, kuma dole a riƙa sayen sabuwa, alhali ta mai kananzir da ɗan mai kawai take nema, waɗanda ake samu a kowace kasuwar ƙauye.

Hujjar masu ƙin duba kwano da ta fi ƙarfi ita ce ta lokaci: kwanakin kaftu kaɗan ne, manoma sun yi layi, direban haya ba ya son ɓata minti goma. Amma a auna minti goman da abin da ke biyo bayan lalacewar inji. Sai an sauke shi, a nemi kaya a Gusau ko Sakkwato, wani sa'in har Kano, a kan hanyoyin da rashin tsaro ya sa ba a bin su yadda aka ga dama. Kafin a haɗa, shuka ta wuce, kuma asarar ta shafi duk wanda ya ba da kuɗin kaftu yana jira. Saboda haka wajibi ne mai tarakta ya sa duba kwano cikin sharaɗin aikin direbansa, ya hana watsa ruwa a kan bututu lokacin wanki a bakin gulbi, ya kuma tanadi rumfa ko tamfol. Taraktocin da ke aiki a fadamun Gulbin Zamfara, da duk taraktar da ambaliya irin ta Gummi a watan Agustan 2024 ta taɓa, kada a murza musu makulli sai an kwance kwanon da tiyon an ga babu ruwa.