HAWAN JININ MAI CIKI: DON ME LIKITA YAKE SA A HAIHU KAFIN LOKACI?

Iyaye mata, ku saurara. Bayan ciki ya wuce mako 20, wato wajen wata na biyar, jinin wata mace yakan hau, a kuma sami furotin cikin fitsarinta. Awo 140 bisa 90 hawan jini ne. In ya kai 160 bisa 110 ya yi tsanani, kwanciya a asibiti ta zama dole. Tushen wannan ciwo yana cikin mabiyiya. Magani yakan sauke jinin, amma ciwon ba ya fara sakin mace sai an haihu, mabiyiya ta fita.

To, yaya likita yake gane cewa jira ya zama haɗari? Awo ne yake gaya masa. Ana auna jininki sau da yawa kowace rana, ana lura da yawan fitsarin da kike yi, ana ɗibar jini a duba ƙoda da hanta da ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Hoton ciki kuma yana nuna ko jariri yana girma, ko ruwan da yake ciki ya ragu. Idan jini ya ƙi sauka duk da magani, ko ƙoda da hanta suka fara gazawa, ko jariri ya daina samun isasshen jini, an san haihuwa ta matso tun jijjiga ba ta zo ba.

Sauran shaidar tana bakinki. Ciwon kai mai nacin da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, numfashi da ƙyar, zubar jini, raguwar motsin jariri: ki faɗa wa malamar asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Kunya ba ta da wuri a nan. Kumburin fuska da hannu kuwa, kada kowa ya ce miki alamar tagwaye ce, a zo a auna.

Idan ciwon mai sauƙi ne, akan kai ki mako 37. Mai tsanani ba a wuce mako 34 da shi, wajen ƙarshen wata na takwas ke nan, wani lokaci ma ba a kaiwa. Kafin mako 34 ana yi miki allurar da ke ƙosar da huhun jariri, da allurar maganesiyam mai hana jijjiga. Daga nan sai a tayar da naƙuda, ko a yi tiyata in hali ya kama. Bakwaini yana rayuwa in ya sami ɗumi da nono da kulawa.

Ki gaya wa maigida tun yau, ya ba da izini, a tanadi kuɗin mota da wanda zai ba da jini. Bayan haihuwa ma jijjiga tana iya zuwa, don haka ki dawo awon jini cikin makon farko.