Manufar Tattalin Arzikin Teku da Matsayin Gulbi a Ƙasar Jega

A watan Agustan 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, kuma a 2025 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa a kan fannin. Daga cikin abin da ta ƙunsa akwai tsara amfani da ruwa: inda za a yi su, inda jirage za su bi, da inda za a keɓe.

Matsala ta farko ta fassara ce. Bahaushen Jega, Aliero ko Maiyama, in ya ji “teku”, hankalinsa Legas yake tafiya. Ruwansa gulbi ne da fadama da tafki. Alhali hurumin ma'aikatar ya haɗa da hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa tun 1997, wadda Kotun Ƙoli ta jaddada ikonta a Janairun 2024.

Gulbin Zamfara da ya ratsa Jega ya daɗe da nasa tsarin. Sarkin Ruwa ke hana su a wani gurbi har kifi ya girma, shi ke buɗe shi. Wannan keɓewa ce ta wuri da lokaci, irin wadda manufar ke nema. Sai dai Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta damƙa fadama ga gwamna, hanyar jirgi kuma tana hannun tarayya. Manomin albasa, masunci da makiyayi gaɓa ɗaya suke nema da rani, kuma takardun biyu ba su ambaci Sarkin Ruwa ba.