Darasi na Tara: Ƙera Motocin Wasa a Tsakanin Yaran Hausawa (Misali Daga Yankin Bunkure)

9.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an duba wasannin yara na dandali, waɗanda akasari da baki da gaɓoɓin jiki ake aiwatar da su. A wannan darasi kuwa za a waiwayi wani rukuni na wasannin, wato wanda sai yaro ya fara ƙera abin wasan da hannunsa kafin ya yi wasa da shi. An zaɓi ƙera motocin wasa domin ya zama abin nazari, an kuma ɗauki yankin noman rani na Bunkure da Kura a Jihar Kano a matsayin misali.

9.1 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:
i. bayyana ma'anar motar wasa da asalinta a ƙasar Hausa;
ii. kawo ire-irenta da kayan da ake ƙera kowace da su;
iii. lissafa ma'aunin ƙanƙantawa;
iv. tsara darasin Hausa ta amfani da motar wasa.

9.2 Ma'ana da Asali

Motar wasa ita ce ƙaramar siffar mota wadda yaro yake ƙerawa da kayan da ya tsinta a muhallinsa, yana kwaikwayon wata mota ta gaske da ya saba gani. Kafin zuwan Turawa, yaron Bahaushe dokin kara yake hawa, yana kuma gina raƙumi da jaki da yumɓu, domin su ne abubuwan sufurin da idonsa ya sani. Jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911, motoci kuma suka riƙa yawaita a shekarun da suka biyo baya, musamman manyan motocin ɗaukar gyaɗa da auduga. Daga nan ne mota ta shiga cikin wasannin yara. Wannan ya nuna cewa wasan yara madubi ne na rayuwar manya: abin da al'umma take hawa, shi yaro yake ƙerawa.

A al'adance yara maza ne suka fi yin wannan wasa, yayin da mata suka fi karkata ga 'yar tsana da wasan girki. Haka kuma wasan bai tsaya ga Hausawa kaɗai ba. A ƙasar Malawi, alal misali, ana kiran motar waya da suna galimoto. A Turai da Amurka kuwa kamfanoni ne suke ƙera ƙananan motoci su sayar, kamar Matchbox da aka fara a Ingila a 1953 da Hot Wheels da aka fara a Amurka a 1968, har manyan mutane suna tara su don sha'awa.

9.3 Dalilin Zaɓen Yankin Bunkure

An kammala ginin madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga wannan madatsa ruwa yake biyo magudanai zuwa gonakin ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are wadda aka kafa a 1976. Wannan shiri ya sa ana noma damina da rani, ana samar da shinkafa da tumatir da albasa da masara da alkama.

Noman ya jawo zirga-zirgar ababen hawa iri-iri zuwa ƙauyukan yankin. Yaro yana tashi yana ganin tantan tana huɗa, da tifa, da a-kori-kura ɗauke da buhunan shinkafa zuwa injinan casa na garin Kura. Idan kakar tumatir ta kama, yana ganin J5 da gingimari da tirela sun yi lodin kwanduna a kasuwar Kwanar Gafan da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, za su nufi kudancin ƙasar nan. Saboda haka yaron wannan yanki yana da samfura da yawa a gabansa, kuma kayan ƙira suna kusa da shi.

9.4 Ire-iren Motocin Wasa

(a) Motar kara. Ita ce ta fi daɗewa, kuma da karan dawa ake yin ta. Lokacinta shi ne kaka zuwa hunturu, bayan an girbe dawa kara ya bushe.

(b) Motar yumɓu. Ana ɗebo yumɓu a gefen fadama, a cuɗa, a gina, a shanya a inuwa don kada ta tsage. Ba ta jure tafiya mai nisa.

(c) Motar gwangwani da ta langa-langa. Ana buɗe gwangwanin madara ko na tumatir, a daddale shi, a yanka, a lanƙwasa. Langa-langa kuwa siririn ƙarfe ne da ake ɗaure dilolin kaya da shi.

(d) Motar waya. Ana tanƙwara waya a fitar da ƙwarangwal ɗin motar, a ɗaure mahaɗai da robar tsohon tub. Ita ce ta fi wuyar yi, domin ana haɗa mata doguwar waya mai zagaye a sama wadda take juya tayoyin gaba, yaro yana tafe a tsaye yana tuƙi.

9.5 Matakan Ƙera Motar Kara

1. A zaɓi kara busasshe, miƙaƙƙe, mai kauri, a yanka shi gaɓa-gaɓa.
2. A ɓare ɓawon karan. Totuwar ciki mai laushi ita ce katako, siraran ɓawon masu tauri kuma su ne ƙusoshi. Wasu sukan yi amfani da ƙayar aduwa.
3. A shimfiɗa dogayen totuwa biyu, a gicciya gajeru a kansu, a soke. Wannan shi ne gindin mota.
4. A fere tayoyi daga sakaina ko tsohon silifa, a huda su daidai tsakiya, a zura tsinke mai ƙarfi ya haɗa kowane biyu.
5. A ɗora kan mota a gaba, a tayar da bodi a baya.
6. A maƙala dogon kara wanda za a riƙa tura motar da shi.
7. A yi mata ado da fitilun murfin kwalba da gilashin farar leda.

Mataki na huɗu shi ne inda gwani yake bambanta da ɗan koyo. Idan hujin bai faɗa tsakiyar taya ba, motar za ta riƙa ɗingishi. Idan taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta girma, motar za ta riƙa karkata gefe guda. Yaron da ya gano haka ya fahimci wani abu game da da'ira tun kafin a koya masa sunanta a aji.

9.6 Ma'aunin Ƙanƙantawa

Yara da ido suke awo, ko da taƙi da ɗan yatsa. Masu ƙera ƙananan motoci a masana'antu kuwa suna bin ƙayyadadden ma'auni, kamar 1:24 ko 1:43 ko 1:64. Ma'anar 1:24 ita ce, kowace santimita 1 a jikin ƙaramar mota tana wakiltar santimita 24 a jikin ta gaske.

A ƙaddara akwai wata babbar mota mai tsawon mita 8, da faɗin mita 2.4, da taya mai tsayin mita 1, ana son ƙera ta a kan ma'aunin 1:20. Sai a mayar da kowane awo zuwa santimita, a raba shi da 20:

Tsawo: 800 ÷ 20 = santimita 40
Faɗi: 240 ÷ 20 = santimita 12
Taya: 100 ÷ 20 = santimita 5

Ƙa'idar ita ce a raba dukkan sassa da lamba ɗaya. Idan aka raba tsawo da 20 aka raba taya da 10, motar za ta fito da ƙafafun da suka fi ƙarfin jikinta.

9.7 Muhimmancin Wasan ga Malamin Hausa

Na farko, wasan rumbu ne na kalmomi. Akwai na aro daga Ingilishi, kamar mota da taya da bodi da birki da sitiyari da direba. A birki da direba da sitiyari ana iya nuna wa ɗalibai yadda Bahaushe yake saka wasali tsakanin baƙaƙe biyu da suka zo a jere a farkon kalma, kuma a birki da sitiyari ana ganin yadda yake rufe kalma da wasali. Akwai kuma sunayen da Hausawa suka ƙirƙira da kansu, irin su a-kori-kura da karen mota. Sannan ga kalmomin gida da suke neman ɓacewa daga bakin yaran birni, kamar totuwa da sakaina.

Na biyu, wasan yana koyar da tsara zance. Duk yaron da zai bayyana yadda ya yi motarsa dole ya jera aikatau bi-da-bi: ya yanka, ya ɓare, ya soke, ya ɗaure. Wannan jerantawa ita ce ƙashin bayan insha'in bayani.

Na uku, a cikinsa akwai tsiron wasan kwaikwayo. Yara sukan zana tasha a ƙasa, wani ya zama direba, wani ɗan kamasho, wani bakanike, wani mai faci, ana ciniki da kuɗin takarda.

Na huɗu, yana cusa haƙuri da taimakon juna, domin babba ne yake yanka, ƙarami yana riƙewa yana kallo har ya iya.

9.8 Amfani da Motar Wasa a Aji

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ba wasa babban matsayi a koyar da ƙananan yara. Duk da haka, ɗalibin da aka tura koyarwar gwaji a makarantar ƙauye yakan tarar da aji babu kayan koyarwa. A cikin ajin kuma akan sami yaron da ba ya iya haɗa jimla a takarda, har an laƙaba masa sunan daƙiƙi, alhali shi ne gwanin ƙera tirela a unguwarsu. Idan malami ya ƙwace motarsa ya karya, ya tabbatar masa cewa abin da ya iya ba shi da daraja a makaranta, kuma irin wannan yaro shi ne mai saurin barin aji ya koma gona. Idan kuwa ya ɗora motar a kan tebur ya mayar da ita abin koyarwa, yaron ya sami ƙofar shiga karatu. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga misalin darasin insha'i ga aji biyar na firamare:

Mataki na 1: Malami ya nuna motar kara, ɗalibai su faɗi sunayen sassanta, ya rubuta a allo.
Mataki na 2: Wanda ya ƙera ta ya bayyana yadda ya yi, malami ya tsamo aikatau.
Mataki na 3: Ɗalibai su jera matakan da baki, suna amfani da "da farko", "sannan", "bayan haka", "daga ƙarshe".
Mataki na 4: Kowa ya rubuta jimloli shida a kan "Yadda Ake Yin Motar Kara".
Mataki na 5: Malami ya duba ƙa'idojin rubutu, musamman baƙaƙe masu lanƙwasa da rabe kalmomi.

9.9 Matsaloli da Matakan Kariya

Wasan yana ja da baya saboda arahar motocin roba da ake shigowa da su da kuma shagaltuwar yara da wayar hannu. Shi kansa kara yana da masu nema, domin ana ba dabbobi, ana yin danga da shi, ana kuma hura wuta. Don haka ya kamata a koya wa yara neman izini kafin su ɗiba.

Ta fuskar lafiya, wajibi ne malami ya kula da abubuwa kamar haka. Bakin gwangwani da waya mai tsatsa suna yanka, kuma raunin da datti ya shiga yana iya jawo ciwon sandarewar jiki. A yankin noman rani ana yawan yar da gwangwanaye da robobin maganin feshi a bakin gona, kuma guba ce ko an wanke su, saboda haka a hana taɓa su ɗungurungum. Kada a tura yara ɗebo yumɓu a bakin magudanar ruwa, saboda haɗarin nutsewa da cutar tsargiya. Aikin reza da wuƙa kuma a yi shi a gaban malami.

9.10 Kammalawa

A wannan darasi an ga ma'anar motar wasa da asalinta, da yadda noman rani ya wadata yaran Bunkure da Kura da samfura. An kawo ire-irenta guda huɗu, da matakan ƙera ta kara, da lissafin ma'auni. An kuma nuna yadda malami zai yi amfani da ita wajen koyar da kalmomi da insha'i da wasan kwaikwayo, tare da kiyaye lafiyar yara.

9.11 Auna Fahimta

1. Me ya sa aka ce wasan yara madubin rayuwar manya ne?
2. Kawo ire-iren motocin wasa uku da kayan ƙera kowace.
3. Tantan mai tsawon mita 4 za ta zama santimita nawa a ma'aunin 1:20?
4. Kawo kalmomin aro biyar da suka shafi mota, tare da bayanin yadda aka hausantar da biyu daga ciki.

9.12 Jinga

Kowane ɗalibi ya ƙera motar wasa ɗaya da kayan da ake samu a garinsu, ya tattaro sunayen sassanta daga bakin yara, sannan ya tsara darasin minti 35 da zai koyar da ita.