Ka fita da Baba bakin ruwa

Ɗana, na ji tun da gigin tsufa ya kama mahaifinka kuka hana shi leƙa ko zaure, wai kada ya ɓata. Na san ƙauna ce ta sa ku, amma zaman ɗaki ƙara masa ruɗewa yake yi. Ga kaka ta shigo, ruwa ya ɗauke, an yanke gero, sanyin hunturu bai kankama ba tukuna.

Ka fita da shi da hantsi, bayan ya karya. Ba sai kun yi nisa ba, bakin ruwa nan Yelwa ya isa. Ka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, inda zai ga masunta suna gyaran taru, ƙamshin kifin banda yana iso shi.

Wannan ciwo abin jiya yake fara cinyewa, ya bar na shekara hamsin. Mahaifinka yana saurayi aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibiran Gungawa da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, aka tashi dubban mutane. Waɗancan wuraren suna nan daram a ransa. Gyatumata, Allah ya jiƙanta, ita ma wannan ciwo ya kama ta, har ta kai ba ta sanin ko ta ci abinci. Amma ranar da na zaunar da ita a gaɓa sai ta miƙa hannu tsakiyar ruwa, ta ce can gonar albasarsu take, ta lissafo sunayen ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Ban ce mata ruwa ya cinye ba. Na ce, “Inna, wa ke yi muku ban ruwa?” Har rana ta take tana ba ni labari.

Kai ma kada ka riƙa ce masa, “Baba, ka gane ni?” Kunya tambayar take jefa shi. In ya kira ka da sunan ƙanensa, ka amsa.

Ka guji ranar kasuwa, hayaniya tana firgita masu wannan ciwo. Kada ka sa shi a kwalekwale. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a yankin Wara a Mayun 2021 ba. Ka riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, ka sa takarda mai lambar wayarka a aljihunsa. Ku dawo kafin la'asar, domin ruɗewar ta fi tashi da almuru.

Ƙila da dare ya manta kun fita, amma za ka ga ya fi samun barci. Gobe ka ɗauko masa hularsa da sandarsa, ku tafi. Allah ya yi maka albarka.