Sabar RPC ta farko: gina ta, sannan ka wahalar da ita

Idan ka kai matakin da kake son manhajarka ta sa wata kwamfuta aiki, RPC ce hanya mafi sauƙi. Manhajar za ta kira wani aiki kamar a cikinta yake, alhali a wata na'ura ake yinsa a dawo mata da amsa. Tun 1984 Andrew Birrell da Bruce Nelson suka bayyana yadda suka gina irin wannan tsari a Xerox PARC. Google ya fito da gRPC a 2015, amma kada ka fara da shi. Fara da XML-RPC da ke zuwa cikin Python, ba sai ka sauke komai ba.

Rubuta ƙaramin aiki mai haɗa lambobi biyu, ka sa masa suna `tara`. Ɗauko `SimpleXMLRPCServer` daga `xmlrpc.server`, ka ba shi adireshin 127.0.0.1 da tasha ta 8000, ka yi wa aikin rajista da `register_function`, ka rufe da `serve_forever`. A wani fayil ɗin, buɗe `ServerProxy` daga `xmlrpc.client`, ka nuna masa adireshin, ka kira `tara(2, 3)`. Amsa ta dawo 5? Madalla.

A nan da yawa ke naɗe tabarma, alhali yanzu aka fara aikin. Aika wa sabar `tara(2, "uku")`. Ya kamata ka sami `Fault`, sabar kuma ta ci gaba da aiki. Sai ka haɗa biliyan biyu da biliyan biyu. Za ta ƙi, domin Python ba ya aika cikakkiyar lambar da ta wuce 2,147,483,647 ta wannan hanya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai lissafin kuɗi da kwabo: naira miliyan 21 da rabi ma ta haura iyakar. Irin wannan adadi, aika shi a matsayin rubutu.

Yanzu kashe sabar ka sake kira, za ka ga `ConnectionRefusedError`. Wannan mai sauƙi ne, ka san ba a yi komai ba. Mai wuyar ita ce sabar da ke raye amma ta yi shiru. Saka `time.sleep(30)` cikin aikin ka gani: mai kira zai zauna jira, duk wanda ya zo bayansa ma haka, don buƙata ɗaya take karɓa a lokaci guda sai in ka haɗa ta da `ThreadingMixIn`. Ka sa wa jiran iyaka da `socket.setdefaulttimeout(5)`.

To, da lokacin ya ƙare, an yi aikin ko ba a yi ba? Mai kira bai sani ba. Duk wanda POS ya ce masa biyan bai shiga ba alhali an cire masa kuɗi ya san zafin wannan. Idan ka sake aikawa, ana iya yin aikin sau biyu. Maganinsa shi ne kowace buƙata ta zo da lambarta ta daban, sabar ta adana wadda ta gama, in ta sake ganinta ta mayar da tsohuwar amsa. A ganina, wannan gwajin ya fi sauran duka muhimmanci.

Wannan sabar ba ta tambayar kalmar sirri, ba ta ɓoye abin da ake aikawa. Ka bar ta a 127.0.0.1, kada ka buɗe ta ga intanet.